Malam Aminu Kano: Daga Maru Zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Da yawa daga cikinmu mun san sunan Malam Aminu Kano ne saboda filin jirgin saman da iyayenmu alhazai suke ambata, ko kuwa saboda babban asibitin koyarwa na Kano inda akan kai marasa lafiyarmu in ciwo ya gagari na kusa. Amma kaɗan ne suka san cewa wannan bawan Allah ya taɓa zama a maƙwabtanmu, a garin Maru, yana koyar da ɗalibai kamarmu, kuma daga can ne ya ajiye aikin gwamnati ya shiga gwagwarmayar da ta sa sunansa ya game duniya. Saboda haka na ga ya dace in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai tarihinsa a taƙaice, musamman ra'ayinsa game da haƙƙin ɗan Adam da kuma zaman Nijeriya a tsakanin ƙasashen duniya.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ran 9 ga watan Agusta, 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, masanin shari'a ne daga zuriyar Fulani Genawa, waɗanda aka sani da malanta da alƙalanci, kuma ya yi aiki a kotun Alƙalin Kano. Mahaifiyarsa, Malama Rakiya, ita ma mai ilmi ce, a hannunta ya fara karatun allo, amma ta rasu tun yana ƙarami. Wato dai ya tashi a gidan da ake yi wa mace kallon mai iya koyarwa, kuma ake zancen shari'a da adalci safe da yamma. Waɗannan abubuwa biyu sun bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Ya yi makarantar elementare ta Shahuci, daga nan ya wuce Midil ta Kano. A shekarar 1937 ya sami shiga Kwalejin Katsina, wadda aka mayar da ita Kaduna a 1938, ita ce kuma daga baya ta koma Zariya ta zama Kwalejin Barewa. Makarantar kwana ce irin tamu, kuma a lokacin babu wadda ta fi ta a duk Arewa. A can ya yi fice wajen muhawara da wasan kwaikwayo. Yakan tsara wasanni da Hausa yana zolayar masu cin hanci da masu danne talaka, 'yan kallo su yi ta dariya, amma kowa ya koma ɗaki da abin tunani. Ya gama a 1942, ya zaɓi aikin koyarwa.

Zamansa a Bauchi

Aikinsa na farko a Midil ta Bauchi ne. A nan ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Minista, da kuma Malam Yahaya Gusau, ɗan lardinmu. Amma wanda ya fi kowa tasiri a kansa shi ne Malam Sa'adu Zungur, malami, mawaƙi, mai kaifin harshe, wanda ya haɗa ilmin addini mai zurfi da na zamani. Su ne suka riƙa haɗuwa a wata ƙungiyar tattaunawa da aka kafa a Bauchi a 1943, inda ake gayyato manyan En'e da Turawan mulki ana yi musu tambayoyi a kan haraji da albashi da yadda ake tafiyar da mulki. A wancan zamani, yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya miƙe tsaye gaban sarki da Razdan ya yi tambaya, abu ne da ba a saba gani ba. Ba a daɗe ba hukuma ta ga abin ya fara yi mata zafi, ƙungiyar ta mutu. Sai dai an riga an yi shuka.

Abin da Ya Gano a Ingila

A shekarar 1946 gwamnati ta tura shi Jami'ar Landan ya ƙaro ilmin koyarwa na shekara ɗaya. Ya isa can yaƙin duniya na biyu bai daɗe da ƙarewa ba, ana rabon abinci da kati, ga rusassun gidaje ko'ina. Jam'iyyar Leba ta ma'aikata ce take mulki a ƙarƙashin Clement Attlee, tana ƙoƙarin samar wa talakan Ingila magani da gida da makaranta. Malam ya ga 'ya'yan leburori sun zama ministoci, ya ga ana sukar shugaban gwamnati a jarida da majalisa ba wanda aka ɗaure. Sai ya fara tambayar kansa, me ya sa Baturen da yake da wannan 'yanci a gidansa yake hana shi a ƙasashen da ya mallaka?

A Landan ɗin kuma ya sadu da ɗalibai da 'yan gwagwarmaya daga sauran ƙasashen Afirka da Indiya da tsibiran Karibiyan. Ya lura kukansu ɗaya ne da na manomin Kano. A daidai wannan lokaci Indiya take gab da samun mulkin kai, abin da ya tabbata ran 15 ga Agusta, 1947. Hanyar Mahatma Gandhi ta shiga ransa ƙwarai, wato a ƙi bin zalunci a fili, a jure duka da ɗauri, amma kada a ɗauki makami. Ya dawo gida da tabbacin cewa mulkin mallaka mai ƙarewa ne, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne wane ne zai ci moriyar 'yancin in ya zo. Da dawowarsa ya tsaya aka kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa a 1948, ya zama sakatarenta.

Malam a Maru

Hukuma ta ga mutumin nan ba ya jin lallashi, ba ya kuma jin tsoro. A 1949 aka ɗauke shi daga Bauchi aka kai shi Maru, cikin Lardin Sakkwato na wancan lokaci, ya shugabanci makarantar horon malamai. Maru kuwa ba wani nisa ne da ita daga Anka ba, ƙasarsu ma ta haɗa iyaka da juna. Mutane da yawa suna ganin an kai shi can ne domin a nisanta shi da birane da jaridu, ko ya yi shiru.

To, amma wanda ya jefa kifi a ruwa bai hore shi ba. A Maru Malam ya zauna cikin manoma da makiyaya irin kakanninmu, ya ga rayuwarsu da idonsa. A zamanin nan kowane baligi yana biyan haraji, Bafulatani yana biyan jangali a kan kowace saniya, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Wanda ya kasa biya yakan sayar da akuyarsa ko hatsin da zai ci, wani ma ya gudu ya bar garin. Ga aikin tilas na gyaran hanya da noman gandun masu sarauta. Manomi ya noma auduga da gyaɗa, a kai Gusau a loda a jirgin ƙasa zuwa bakin teku, amma ba shi da bakin magana a kan kuɗin da za a saya. In kuwa aka zalunce shi, wanda zai kai wa ƙara sau da yawa yaron wanda ya zalunce shi ne.

Yana Maru aka yi taron farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna a 1949, tun tana ƙungiyar al'adu, kuma yana cikin waɗanda aka yi da su. Amma ya ga tafiyar hawainiya ake yi, ana tsoron ɓata wa manya rai. A ƙarshen shekarar 1950 ya ajiye aikinsa, ya bar albashi da gidan gwamnati da fansho, ya koma Kano ba shi da komai sai littattafansa. Ya kamata mu tuna cewa a lokacin 'yan Arewa masu ilminsa ba su da yawa, da ya yi shiru da babu muƙamin da zai gagare shi.

Jam'iyyar Neman Sawaba

Ran 8 ga Agusta, 1950, wasu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Hausawa suka sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. Cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin da Maitama Sule. Malam ya shige ta bayan ya bar aiki, kuma a 1953 ya zama shugabanta. Alamarta tauraro ce. Manufarta ita ce a gyara mulkin En'e, a zaɓi masu mulki da ƙuri'a, a raba alƙali da fada domin ya yi hukunci ba tsoro, a hana aikin tilas, a buɗe makarantu ga 'ya'yan kowa. Jam'iyyar ta kuma koyar da cewa ba wanda zai zo daga sama ya ƙwato wa talaka haƙƙinsa, shi ne zai tashi ya nema da kansa.

Waɗannan buƙatu sun yi daidai da abin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi ran 10 ga Disamba, 1948, a cikin sanarwar haƙƙin ɗan Adam mai sassa 30, wadda ta tabbatar da cewa kowa yana da 'yancin faɗin ra'ayinsa da shiga ƙungiya da zaɓen shugabanni da samun shari'ar adalci. Amma Malam bai tsaya ga takardun Turawa kaɗai ba. Da yake malamin addini ne, yakan kafa hujja da Alƙur'ani da kuma littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Malam Abdullahi na Gwandu, yana nuna cewa masu jihadi kansu sun yaƙi harajin zalunci da cin hanci da ƙwace dukiyar talakawa. Wannan ya sa abokan hamayyarsa suka rasa yadda za su ce baƙon ra'ayi ya kawo.

Tafiyar ba ta zo da sauƙi ba. A zaɓen 1951 'yan NEPU sun yi nasara a matakin farko a birnin Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma doka ta ba En'e damar cusa nata mutane a matakin ƙarshe, saboda haka ko kujera ɗaya ba su samu ba. An ɗaure magoya bayansu da yawa, an yi wa wasu bulala, wasu an kore su daga garuruwansu, saboda sun yi taro ba izini ko an ce sun zagi sarki. Teloli da mahauta da 'yan koli da ƙananan malamai su ne suka fi shan wannan wuya. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan jam'iyyar, an ɗaure ta sau da dama. Shi kansa Malam ya faɗi zaɓe a 1954 da 1956. Duk da haka bai yarda mabiyansa su mayar da abin yaƙi ba, ya fi son a je kotu, a ɗaukaka ƙara, a rubuta a jarida.

Wani abin da ya bambanta shi da 'yan siyasar zamaninsa shi ne batun mata. Tun ana yi masa dariya yake cewa a sa 'ya'ya mata makaranta, a kuma ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a. Matan Kudu sun yi zaɓen 1959, amma na Arewa sai a 1976 aka ba su wannan dama, suka yi zaɓen ƙasa na farko a 1979. Duk wata uwa ko yaya tamu da ta taɓa bin layin zaɓe a Gummi ko Bukkuyum, tana cin moriyar abin da aka sha wuya a kansa ne.

Ra'ayinsa Game da Duniya

Malam yana cikin shugabannin da suka je tarurrukan tsara mulki a Landan a shekarun 1950. A watan Disamba na 1958 kuma ya halarci babban taron al'ummomin Afirka da Kwame Nkrumah ya kira a Ankara, babban birnin Gana, inda 'yan gwagwarmaya irin su Patrice Lumumba na Kwango da Tom Mboya na Kenya suka hallara. A zaɓen 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai ta Ikko. Da yake NEPU tana ƙawance da NCNC ta Dokta Azikiwe, ita kuwa NCNC ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC, sai Malam ya zama ɗaya daga cikin masu tsawatarwa na ɓangaren gwamnati. Nijeriya ta sami mulkin kai ran 1 ga Oktoba, 1960, ta zama ƙasa ta 99 a Majalisar Ɗinkin Duniya ran 7 ga watan. Tsohon abokin aikinsa na Bauchi, Firayim Minista Abubakar, ya sa shi cikin wakilan Nijeriya zuwa wannan majalisa, ko da yake a gida ba jam'iyyarsu ɗaya ba.

Domin mu gane muhimmancin wannan aiki, sai mu dubi yadda duniya take a lokacin. Amurka da Tarayyar Sobiyet suna yaƙin cacar baka, kowace tana neman jan sababbin ƙasashe zuwa gefenta. Ran 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta gwada bam ɗin ƙare-dangi a hamadar Sahara cikin Aljeriya, inda iskar hunturu take tasowa ta biyo ta kanmu, abin da ya sa Nijeriya ta yanke hulɗa da Faransa a Janairun 1961. Ran 21 ga Maris, 1960, 'yan sandan gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu suka harbe baƙar fata 69 a garin Sharpeville saboda sun fito zanga-zangar lumana. Ran 17 ga Janairu, 1961, aka kashe Lumumba. A gida kuma an ƙulla yarjejeniyar tsaro da Ingila, wadda ɗaliban jami'a da masu ra'ayin ci gaba suka yi ta suka, har aka soke ta a Janairun 1962.

A cikin wannan hali ra'ayin Malam a bayyane yake. Na farko, kada Nijeriya ta zama 'yar amshin Shatar kowa, ko Gabas ko Yamma, ta duba kowace magana bisa gaskiyarta da amfanin Afirka. Na biyu, 'yancin Nijeriya ragagge ne muddin akwai sauran 'yan Afirka a ƙarƙashin mulkin mallaka a Angola da Mozambik da Rodeshiya, ko ƙarƙashin wariya a Afirka ta Kudu. Na uku, ƙasashen Afirka su haɗa kai, domin tsintsiya ɗaya ba ta shara. An kuwa kafa Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a Adis Ababa ran 25 ga Mayu, 1963.

Na huɗu shi ne batun ciniki, kuma a nan ne abin da ya gani a Maru ya yi masa amfani. A 1964 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira taronta na farko a kan ciniki da raya ƙasa a birnin Janeba, Malam yana cikin wakilan Nijeriya. Ƙorafin ƙasashe matalauta a wurin shi ne, suna sayar da auduga da gyaɗa da koko da arha, su sayo yadi da mota da magani da tsada, kuma a kasuwannin Landan da Niyok ake yanke farashin duka biyun. Manomi zai ƙara yawan buhunan da yake nomawa, amma abin da kuɗin zai saya masa yana raguwa. A wannan taro ne ƙasashe 77 masu tasowa suka haɗu suka zama ƙungiya ɗaya domin su yi magana da murya ɗaya. Ga Malam, manomin auduga na ƙasar Zamfara a gaban ɗan kamasho, da Nijeriya a gaban manyan ƙasashe, matsayinsu ɗaya ne, kuma maganinsu ɗaya, wato ilmi da haɗin kai da ƙin yarda da raini.

A nan akwai darasin da ya fi kowane. Shugabanni da yawa a Afirka sun iya zagin Turawan Afirka ta Kudu a taron duniya, su dawo gida su ɗaure 'yan adawarsu ba shari'a. Malam bai yarda da wannan fuska biyu ba. A ganinsa wanda ya yi kukan Sharpeville dole ne ya yi kukan talakan da aka yi wa bulala a ƙauye saboda ya halarci lacca.

Yaƙin Basasa da Jamhuriya ta Biyu

Malam ya rasa kujerarsa a zaɓen 1964. Ran 15 ga Janairu, 1966, soja suka yi juyin mulki, aka kashe Firayim Minista da Sardaunan Sakkwato da wasu shugabanni, daga baya aka rushe jam'iyyu duka. Da Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12 a watan Mayu na 1967, abin da Malam ya daɗe yana goyon baya, sai ya naɗa shi Kwamishinan Sadarwa na Tarayya, ya riƙe daga 1967 zuwa 1971, sannan Kwamishinan Lafiya daga 1971 zuwa 1974. A lokacin yaƙin basasa ya tsaya a kan Nijeriya ta zauna ƙasa ɗaya, kuma yana cikin wakilan gwamnati a taron neman sulhu da aka yi a Kampala ta Yuganda a 1968. Yaƙin ya ƙare a Janairun 1970.

Da soja suka buɗe fagen siyasa a 1978, Malam ya jagoranci jam'iyyar PRP mai alamar mabuɗi. Ya yi takarar shugaban ƙasa a 1979 tare da Samuel Ikoku, ɗan ƙabilar Ibo, a matsayin mataimaki. Alhaji Shehu Shagari na NPN ne ya ci, amma PRP ta sami gwamnoni biyu, Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna. Suna hawa mulki suka soke haraji da jangali, abin da NEPU ta yi kusan shekara 30 tana nema, wasu jihohin Arewa kuma suka bi sahu.

Adalci ne mu faɗi inda aka soki Malam, domin ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Wasu sun ce bai kamata ya zauna ɓangaren gwamnati a Ikko ba alhali NPC tana ɗaure mutanensa a Arewa. Wasu sun ce mai kiran dimokuraɗiyya bai dace ya yi wa soja aiki shekara bakwai ba. Masu kare shi kuwa suna cewa ƙasa tana bakin wargajewa ne, ba lokacin naɗe hannu ba ne. Haka kuma PRP ta rabu biyu tun daga 1980, 'yan taɓo suna tare da Malam, 'yan santsi suna tare da gwamnonin biyu, aka yi ta jifan juna da maganganu masu zafi. A 1981 majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa. Wannan rabuwa ta raunana tafiyar talakawa ƙwarai, ta kuma nuna cewa haɗin kan da ake wa'azinsa ya fi wuyar riƙewa a aikace.

Duk da haka bai sauka daga aƙidarsa ba. Da zaɓen 1983 ya gabato, sai ya ɗauki mace, Uwargida Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa a takarar shugaban ƙasa. Amma bai ga zaɓen ba. Ran 17 ga Afrilu, 1983, Allah ya yi masa rasuwa a gidansa na Gwammaja cikin Kano, yana da shekara 62, aka binne shi a cikin gidan. Mutumin da ya riƙe ma'aikatun tarayya biyu a lokacin da kuɗin man fetur suka fara shigowa bai bar wata dukiyar a zo a gani ba. An san shi da farar riga mai sauƙi da jar hula, da tafsirin da yakan yi da azumi, da kuma ƙofarsa da ba a rufe wa kowa. Ya bar littattafai, cikinsu har da Motsi Ya Fi Zama da kuma tarihin malaminsa Sa'adu Zungur. Gidan nasa, wanda ake kira Mambayya, ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero.

Abin da Ya Shafe Mu

Wani zai ce, ina ruwan ɗan Anka da taron Janeba? Amsar tana ƙofar gidanmu. A shekarar 2010 aka gano gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Duza da 'Yargalma da Bagega. Zinariya ta yi tsada a kasuwar duniya, talakawa suka shiga haƙar ta, suna kawo duwatsun gida suna niƙawa, ƙurar mai guba tana shiga cikin yara. Yara fiye da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar MSF daga ƙasashen waje suna cikin waɗanda suka fara gano abin suka kawo magani, kuma sai da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na gida da na waje suka yi ta matsa lamba kafin a saki kuɗin share ƙasar Bagega a 2013. Zinariyar ta tafi birane da ƙasashen da ba mu taɓa gani ba, kaburburan kuwa suna nan wurinmu. Abin da ya faru da auduga a zamanin Malam shi ne ya faru da zinariya a zamaninmu. Haka nan bindigogin da suka raba dubban mutanen Zamfara da gonakinsu ba a ƙauyukanmu ake ƙera su ba, ta kan iyakoki suke shigowa. Ashe kuwa harkar duniya harkarmu ce, ko mun so ko mun ƙi.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, tarihin Malam Aminu yana kiranmu zuwa ga abubuwa uku. Mu riƙi karatu da gaske, na addini da na zamani, domin da ilmi ya tsaya gaban Razdan, da shi kuma ya tsaya gaban wakilan duniya. Mu san haƙƙinmu da na maƙwabcinmu kamar yadda yake a babi na huɗu na tsarin mulkin 1999, mu kare shi ko mai shi Bahaushe ne ko Bafulatani ko Badakkare, mace ko namiji. Sannan mu riƙa sauraron labarin duniya muna auna shi da hankalinmu, mu bar ɗaukar duk abin da aka jefo mana ta waya. Malam bai taɓa zama gwamna ko shugaban ƙasa ba, zaɓen da ya faɗi ma ya fi wanda ya ci yawa, amma yau babu harajin kai a kan iyayenmu, kuma 'yan'uwanmu mata suna aji suna kuma jefa ƙuri'a. Sauran aikin, wato tsaron rai da lafiyar yara da farashin adalci ga manomi, yana jiran waɗanda suke zaune a azuzuwa yanzu.

Allah ya jiƙan Malam Aminu Kano, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da shugabanni masu tausayin talakawa, amin.